Haɗin Tarayya da Matsalar Raɗa wa Sinadarai Suna

Masana ilimin sinadarai sun kasa haɗaɗɗun sinadarai, wato waɗanda suka ƙunshi sinadarin asali fiye da ɗaya, gida biyu manya, gwargwadon yadda ƙwayoyin zarrarsu suke riƙe da juna. A gida na farko, ƙwaya ɗaya ce ke sallama elektiron ɗinta ga ɗayar, sai kowace ta ɗauki caji kishiyar na 'yar'uwarta su riƙa jan juna, kamar yadda sodiyom da kulorin suke yi a gishirin girki. A gida na biyu kuwa babu mai sallamawa, domin ƙwayoyin biyu kowace na da ƙarfin jan elektiron, don haka sai su yi tarayya a kan tagwayen elektiron da ke zama tsakaninsu. Wannan shi ne haɗin tarayya, wanda Gilbert Lewis na Jami'ar Kalifoniya ya bayyana a 1916, Irving Langmuir kuma ya faɗaɗa bayaninsa a 1919. Ƙaramin gungun ƙwayoyin da irin wannan haɗi ya ɗaure shi ake kira molikul, kuma da shi aka gina ruwa da amoniya da iskar gas ta girki.

Inda haɗin tarayya ya zama matsala ga mai raɗa suna shi ne, sinadarai biyu na iya haɗuwa ta hanya fiye da ɗaya. Sodiyom da kulorin ba su da zaɓi, ɗaya ne da ɗaya, saboda haka sunan gishiri ba ya bukatar ƙidaya. Kabon da oksijin ba haka suke ba. Idan kabon ya ƙone a wadatacciyar iska, kowace ƙwayarsa kan ɗauki oksijin biyu, a sami CO₂, iskar da ɗan Adam ke fitarwa a numfashi, tsirrai kuma su yi abinci da ita. Idan iska ta yi ƙaranci, kamar a ɗakin da aka rufe da garwashin gawayi lokacin hunturu ko aka kunna janareta a ciki, sai a sami CO, mai oksijin guda, wanda ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana maƙale wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin kansa fiye da sau 200. Tazarar da ke tsakanin iskar numfashi da guba mai kisa cikin barci ƙwayar zarra ɗaya ce tak, don haka sunan da bai faɗi adadi ba bai yi aikinsa ba.

Tsarin da ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ta amince da shi yana warware wannan ta hanyar ƙidaya da kalmomin Girkanci: mono ɗaya, di biyu, tiri uku, tetira huɗu, penta biyar. Ana fara ambaton sinadarin da ƙarfin jan elektiron ɗinsa ya fi rauni, a bi shi da na biyu wanda ake sauya wa ƙarshen suna, kowanne da adadinsa a gaba, sai dai ba a sa mono a kan na farko. Ta haka CO ya zama kabon monoksaid, CO₂ kabon dayoksaid, N₂O₄ kuma dainaitirojin tetiroksaid. Ruwa da amoniya sun riƙe tsofaffin sunayensu, kuma babu wanda hakan ya dama.

Sai dai littattafan sakandare da yawa a Nijeriya, da jarrabawar WAEC da NECO, sun fi sabawa da wani tsari daban, wanda ya samo asali daga shawarar Bajamushe Alfred Stock, inda ake rubuta lambar Rumawa bayan sunan sinadari na farko, CO₂ ya ɗauki IV, CO ya ɗauki II. Wannan tsari ya dace da gishirin ƙarafa, domin a kuloraid ɗin ƙarfe lambar II ko III tana nuna yawan elektiron da ƙarfen ya sallama. A molikul na tarayya kuwa lambar lissafi ce ta takarda kawai, tun da kabon ɗin da ke cikin CO₂ bai sallama elektiron huɗu ba, tarayya ya yi a kansu ta ninkin haɗi biyu. Ɗalibin da aka koya wa yau cewa babu sallamawa, gobe kuma aka ba shi suna mai nuna kamar an sallama, ba laifinsa ba ne in ya koma ga hadda.

Akwai aibi na biyu da ya fi wannan girma. NO₂ iska ce mai launin ƙasa-ƙasa, N₂O₄ kuma ba ta da launi, ɗaya tana rikiɗa ta koma ɗaya gwargwadon zafi, amma a tsarin lambar Rumawa duka biyun naitirojin ɗinsu IV ne, suna ɗaya ya rufe molikul biyu.

Ba a ce tsarin ƙidaya ba shi da iyaka ba. Sunan silikon dayoksaid ya yi kama da na kabon dayoksaid, alhali na farko shi ne babban sinadarin yashi, tsararren gini ne na ƙwayoyi marasa iyaka wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, na biyu kuma iska ce. Suna yana faɗin adadi, ba ya faɗin siffa, kuma wannan giɓi zanen ɗigon Lewis ne yake cike shi, inda ake nuna kowaɗanne tagwayen elektiron a mazauninsu. Saboda haka ya kamata malaman sakandare su fara da zane, su bi shi da sunan ƙidaya, su bar lambar Rumawa sai an zo darasin ƙarafa, sannan su nuna wa ɗalibai yadda ake juya sunan ƙidaya zuwa na lambar Rumawa tun da jarrabawa za ta tambaye su.