Allon BMS: yadda ake rage masa ƙwayoyin batir

A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, wutar lantarki ta dogara sosai da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai. Idan ruwa ya ja baya, wuta kan yawaita ɗaukewa, sai a koma kan batirin lithium, ciki har da wanda masu gyara ke haɗawa daga tsoffin ƙwayoyin 18650.

BMS shi ne ƙaramin allon da ke auna ƙarfin kowace ƙwaya, ya yanke wuta in ta cika ko ta yi ƙasa. Mai alamar 4S na ƙwaya huɗu ne a jere. In an ba shi uku, yakan ɗauka ta huɗun ta mutu, ya ƙi sakin wuta.

Allon da ke ɗauke da BQ76920 na kamfanin Texas Instruments yana karɓar ƙwaya 3 zuwa 5: sai a haɗe ƙafafun da suka rage yadda takardar kamfanin ta nuna, a gyara saiti. Wanda ba ya saituwa, sai a sauya shi da 3S.

Caja ma dole a sauya. Kowace ƙwaya tana cika a volt 4.2: uku 12.6 ke nan, huɗu 16.8. Tsohuwar cajar na iya haddasa gobara, balle a zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40.