Mujallun Bincike na Kyauta a Ƙasashen Larabawa: Bayani ga Jama'ar Bodinga da Shagari

Gabatarwa

Mujallar bincike ita ce wadda malaman jami'o'i ke buga sakamakon nazarinsu a cikinta, bayan wasu masana fannin sun duba aikin sun amince da ingancinsa. A da, sai ɗakin karatun da ya biya kuɗi mai yawa a kowace shekara ne yake samun irin waɗannan mujallu. Daga baya aka fito da tsarin sanya su a yanar gizo domin kowa ya karanta ba tare da biyan ko kwabo ba. Larabawa suna kiran tsarin "al-wusul al-hurr". Mun shirya wannan bayani ne domin malaman Larabci da Islamiyya, malaman gona, ma'aikatan lafiya da jami'an ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari.

Asalin tsarin

An ƙaddamar da kiran farko na duniya a kan wannan tsari a shekarar 2002, wanda aka sani da Sanarwar Budapest. A 2003 Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ta buɗe kundin DOAJ, inda ake jera sunayen mujallun kyauta da aka tantance. Masanan ƙasashen Larabawa su ma sun fitar da nasu kiran a birnin Riyad a 2006.

Yadda lamarin yake a ƙasashen Larabawa

A yawancin waɗannan ƙasashe gwamnati da jami'o'i ne suke ɗaukar nauyin aikin. Aljeriya tana da dandalin ASJP mai ɗauke da ɗaruruwan mujallu da Larabci, Faransanci da Ingilishi. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Iraƙi tana kula da dandalin IASJ, yayin da cibiyar IMIST take tattara mujallun Maroko. Masar ta kafa Bankin Ilimi a 2016; littattafan da ya saya na 'yan ƙasar ne kaɗai, amma mujallun jami'o'in Masar da yawa da ke shafinsa a buɗe suke ga kowa. A Katar kuma akwai QScience. Fannonin da ake samu sun haɗa da fikihu, nahawu, tarihi, noman rani, kiwon dabbobi da lafiya.

Darasi daga kamfanin Hindawi

Wasu mujallun kuwa marubuci ne yake biyan kuɗin bugawa. Kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alkahira a 1997, ya bunƙasa ta wannan hanya har kamfanin Wiley ya saye shi a 2021 a kan dala miliyan 298. Sai dai a 2023 an janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallunsa, bayan an gano cewa 'yan damfara sun cusa binciken jabu, daga bisani aka daina amfani da sunan kamfanin. Wannan ya nuna cewa idan ribar mujalla ta dogara ga yawan maƙalun da ta karɓa, tantancewa na iya yin rauni.

Dangantaka da yankinmu

Ilimi da harshen Larabci ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya karantar kuma ya wallafa littattafai, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Bodinga. Ta hanyar kwafa da hannu ne almajirai suka yaɗa waɗannan littattafai zuwa nesa. A yau malamin da ke Dancadi ko Dandin Mahe zai iya karanta binciken da aka yi a Bagadaza ta wayar hannunsa. A gida kuma, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana buga Sokoto Journal of Veterinary Sciences a kan cututtukan dabbobi, ana kuma samun ta kyauta a dandalin AJOL na mujallun Afirka.

Shawarwari ga mai karatu

1. A nemi sunan mujalla a kundin DOAJ ko a shafin jami'ar da ke buga ta kafin a dogara da ita.
2. A duba shekarar maƙala, kuma a tabbatar ba a janye ta ba.
3. Mai son buga bincikensa ya guji mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki da zarar an biya kuɗi.
4. Binciken da aka yi a kan ƙasar noma ta Masar ba lallai ne ya dace da fadamarmu ba. A tuntuɓi malamin gona ko likita kafin a yi aiki da shi.
5. Inda sabis ke da rauni, a sauke maƙala a ajiye a waya ko a buga ta a takarda domin amfanin makaranta ko ofis.

Muna kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin sassa na ƙananan hukumomin biyu da su isar da wannan bayani ga ma'aikatansu.