Gonar gado da dokar 1978: wa ke da ƙasar?

Kwanan baya wani dattijo daga wajen Bunkure ya zo mini da takardar rabon gado da alƙali ya buga wa hatimi. Tambayarsa ɗaya ce: idan gwamnati ta zo tana son gonar, wannan takarda za ta tsare shi? Na daɗe ban ba shi amsa ba, domin amsar ba daɗi.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan Obasanjo da dokar amfani da ƙasa ta 1978. Amma mu nan Arewa, abin ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun 1910 Turawa suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin 'yan ƙasa. Gwamnatin Sardauna ta sabunta wannan tsari a 1962. Abin da soja suka yi a watan Maris na 1978 shi ne, suka ɗauki tsarin namu suka shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya. Mutanen Kudu ne suka ji abin a matsayin sabo.

To a Kano yaushe talaka ya ji ta a jikinsa? Lokacin da Audu Baƙo ya gina dam ɗin Tiga, aka gama a 1974. An tashi dubban mutane, ruwa ya shanye gonaki da kufai. A Kura da Kadawa da Bunkure kuma aka karɓi gonaki aka baje, aka ja magudanan ruwa, sannan aka sake rabawa bayan an zaftare wani kaso. Ba na musun alherin aikin. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa shaida ne, kuma ni ma ina ci. Amma a nan manomi ya gane cewa abin da ya gada ikon nomawa ne kawai. Idan an karɓa don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce: shuka, itatuwa, gini, rijiya. Ita ƙasar kanta ba a sayenta daga hannunka, tunda a idon doka da ma ba taka ba ce.

A Bakolori, cikin tsohuwar jihar Sakkwato, rigimar diyya irin wannan ce ta kai 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a 1980.

Yau a Kumbotso ba dam ne ke cin gona ba, birni ne. Daga Ɗanbare zuwa Zawaciki gonaki sun zama filaye, yawanci awon igiya, takardar mai unguwa kaɗai a hannu. Kuma an cusa dokar cikin tsarin mulki, sashe na 315, gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa.

Abin da na iya gaya wa dattijon shi ne, dokar ta wajabta a miƙa masa sanarwa a rubuce kafin a soke haƙƙinsa, kuma kotuna sun sha rushe ƙwacen da aka yi ba sanarwa. Na ce ya je ƙaramar hukuma ya nemi shaidar mallaka ta gargajiya, ya haɗa da ta alƙali ya adana. Ya ce sai bayan ya cire albasa.