Daga Farantin Talla Zuwa Jakar Makaranta: Tarihin Adashin Yaranmu



Da kwamitin biki ya ɗora mana rubuta tarihin ƙungiya, sai muka kakkaɓe tsofaffin littattafan zubi. Mun zaci lissafin gyaɗa da injin taliya kawai za mu tarar. Ashe kusan kowane shafi akwai maganar yara: wance ta karɓi kwasa don yunifom, wance ta ranci kuɗin jarrabawa, wance an je an roƙi maigidanta ya bar yarinya ta gama firamare. Shi ya sa bana muka zaɓi mu ba ku tarihin faman da muka sha a kan karatun 'ya'yanmu a nan Kano, da abin da muka koya.

Kafin a kafa ƙungiya

Waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suna da ƙananan yara lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta, wato UPE, a watan Satumba na 1976. Har yau suna dariya in sun tuna yadda ake ɗaukar yaro: ya ɗora hannu ta kansa ya taɓo kunne, in ya taɓo to ya kai shekara shida. Makarantar allo kowa ya yarda da ita, safe da yamma, a huta Alhamis da Juma'a, a ba malam kuɗin Laraba. Boko ce ake wa kallon hadarin kaji, musamman ga 'ya mace.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba tsoron lalacewar tarbiyya ne kaɗai ya hana ba. Mace tana cikin gida, 'yarta ce ƙafarta. Ita ke kai ƙuli da man gyaɗa, ita ke sayo cefane, kuma da ribar tallan nan ake tara mata kayan ɗaki. In ta tafi makaranta, wa zai ɗauki faranti? Wannan tambayar ce ta haifi ƙungiyarmu.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wasu iyayenmu suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Littafin zubinmu na farko, wadda ta rubuta shi a can ta koyi riƙe biro.

Dokoki biyu na farko

Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, komai ya yi tsada. Iyaye suka fara cire yara, kuma mata ake fara cirewa. A cikin wannan matsin ne adashin unguwa ya rikiɗa ya zama ƙungiya, da dokoki biyu.

Ta farko, aka daina kwasa da ƙuri'a. Mai yara a makaranta ita ake ba kwasar da ta faɗo dab da komawa hutu, mai shirin biki ta jira. Ta biyu ita ce ta ta da ƙura: ba 'yar mamba da za ta ɗauki talla a lokacin makaranta. Wallahi an kai ruwa rana. Wata baiwar Allah ta miƙe ta ce, “Ku da kuke da mazaje masu albashi ai kwa faɗi haka. Ni marayu ne da ni, boko za su ci?” Uwar adashi ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Gaskiyarki, 'yar uwa. Kawo ƙulinki gidana, mu ne farantinki.”

Daga nan aka fara haɗa kaya wuri ɗaya, dillaliya ta kai wa masu shago da masu tebur, a raba kuɗi ranar zubi. Riba ta ragu kaɗan, wasu suka fita suna cewa ba za su iya ba. Ba mu zarge su ba, wasunsu ma sun dawo. Amma 'yar waccan baiwar Allah ta gama sakandare, kuma yau ita ke duba mana lissafi.

Annobar sanƙarau ta 1996 ta ƙara mana darasi. Mun ga kuɗin makaranta sun tafi a magani cikin kwana biyu. Tun daga lokacin muka ware asusun rashin lafiya daban, ba a taɓa shi don biki ko suna.

Da makarantu suka yawaita

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Makarantun kuɗi da Islamiyyu suka cika unguwanni. Sai matsalar ta juya. Da muna faman a tura yaro, yanzu muna faman kar a gajiyar da shi: boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda da dare, ga lesin a tsakani. Mun ga yaran da ke gyangyaɗi a kan Alƙur'ani, ana dukansu ana cewa lalaci ne, alhali barci ne da yunwa.

Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, sai muka fara haɗa yaran layi ɗaya a Adaidaita Sahu guda, direban da aka san gidansu, a biya shi wata-wata. A 2020 korona ta rufe makarantu wata da watanni. Manyan 'yan matanmu suka riƙa tara ƙanana a soro, a kunna darasin rediyo, a yi bita. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ninka kuɗin abin hawa, ya sa da yawanmu muka dawo da yara makarantar da za su iya takawa da ƙafa. Ba mu ga abin kunya a ciki ba.

Abin da shekarun nan suka koya mana

Kar yaro ya fita bai karya ba. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, ko kunun gyaɗa sun fi kuɗin tara da zai ƙare a alawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ki buɗe jakarsa kullum, ko ba ki yi boko ba. Ki ce, “Karanta min abin da aka yi yau.” Jan biron malam ba ya buƙatar Turanci. In shafi ya yi mako ba rubutu, akwai magana.

Ki san malamarsa tun kafin a yi faɗa. A je taron iyaye da malamai, in ba za ki samu fita ba ki roƙi babansa ko yayarsa.

A bar masa hutu tsakanin boko da Islamiyya, ko awa ɗaya ce, kuma ya kwanta da wuri a gidan sauro. In zazzaɓi ya zo a je a gwada jini kafin a sayi magani. Ga gudawa, a fara da ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti.

Yarinya da ta fara girma, ki tanadar mata audugar mata, ki yi mata bayani da bakinki. Mun gano wasu kan ƙi zuwa makaranta kwanaki a kowane wata saboda kunyar tambaya kawai.

Aikin gida a raba shi. Namiji ma ya iya shara da wanke kwanonsa, kar a bar wa 'yar'uwarsa duka sannan a ce ba ta da ƙoƙari.

Inda muke zuwa

Yadin yunifom a Kantin Kwari muke saye da bandir, a yanka a raba, telolinmu na ƙungiya su ɗinka. A kai ɗinki tun tsakiyar hutu, kuma a bar lanƙwasa a ƙasa don yaro girma yake. Takalma da jakunkuna na gwanjo masu ƙwari, Ƙofar Wambai. Littattafan boko da na rubutu, kasuwar Sabon Gari, a saya da dozin. Allo da littattafan addini, Kurmi. Gero, wake da gyaɗa kuwa, da kaka muke haɗa kuɗi a sayo buhu a Dawanau. Littafin da yaya ya gama da shi a kawo akwatin ƙungiya, ƙanin wani na jira.

In hutu ya zo, a kai su Gidan Makama su ga tarihin garinsu, su hau Dutsen Dala, su leƙa marinar Ƙofar Mata, ko gidan zoo na Audu Bako. Manyan kuma a nuna musu ɗakin karatu na Murtala Muhammad. Rashin lafiyar yara in ta fi ƙarfin asibitin unguwa, akwai asibitin yara na Hasiya Bayero.

Abin da ya rage mana

Har yanzu ba mu daidaita a kan waya ba. Wasunmu sun ce kar a ba yaro sai ya gama sakandare, wasu sun ce aikin makaranta ma yanzu ta WhatsApp ake turowa. Abin da muka yarda da shi dai, waya ba ta kwana a ɗakin yara. Kuma tsadar nan ta sa mun fara ganin faranti yana dawowa kan wasu 'ya'yanmu da hantsi. 'Yar uwa, in abin ya kai ki nan, kar ki ɓoye. Ki zo ranar zubi ki faɗa, ko ki raɗa wa uwar adashi. Dokar nan ba don a kunyata kowa aka yi ta ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa mazajen da suka ba mu goyon baya, ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Allah ya maimaita mana. Amin.