Bairos: Mene Ne Shi, Kuma Ta Yaya Yake Shiga Gona da Garke?

Bairos ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya ci, ba ya numfashi, kuma ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya shiga cikin ƙwayar halittar shuka, dabba ko mutum, ya tilasta mata ta riƙa ƙera irinsa har ta lalace.

Asalinsa

A jikin shuka aka fara gano shi. A 1892 masanin Rasha Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan ya ci gaba da harbin lafiyayyar taba. Wasu masana na ganin bairos ya samo asali daga gutsattsarin ƙwayoyin gado da suka ɓalle daga jikin halittu, wasu kuma na ganin tsohon abu ne tun farkon rayuwa.

Yadda yake yaɗuwa

Bairos ba shi da ƙafa, ɗauko shi ake yi. Darɓa ce ke kai kuturtar gyaɗa daga shuka zuwa shuka, cutar da ta ci gonakin gyaɗa kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya a 1975. Farin ƙuda da itacen dashe mai cuta su ne ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen rogo. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, tana bin kashin kaji, keji da takalmin mai shiga gona.

Ba duka ne ke ɓarna ba

Wasu nau'o'in bakteriya suke kashewa a cikin ƙasa da ruwa, abincin da ke jikinsu ya koma ƙasa. Akwai kuma masu kama tsutsa kaɗai, har ana haɗa maganin feshi da su.

Abin da ya kamata ka yi

Da zarar bairos ya shiga shuka, babu feshin da zai fitar da shi. Maganin kashe bakteriya ma ba ya taɓa shi a jikin kaza ko akuya, don haka kada ka zubar da kuɗinka. Rigakafi ne mafita:

1. Ka nemi iri mai jure cuta, kamar SAMNUT 23 na cibiyar IAR ta Samaru, Zariya.
2. Ka shuka gyaɗa da wuri, kuma kada ka bar tazara mai faɗi, domin darɓa ta fi sauka a gona mai sarari.
3. Ka tuge gyauro da duk shukar da ta kamu, ka ƙone.
4. Sabuwar dabba daga kasuwa, ka ware ta na aƙalla mako biyu.
5. Ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi a yi wa dabbobin gari allura lokaci guda.

Da allurar rigakafi aka kawar da bushiyar shanu daga doron ƙasa a 2011. In maƙwabcinka bai yi ba, garkenka ma bai tsira ba.