Harshen Koyarwa a Adjame da Treichville: Waiwaye Kan Tarihi

Tun da Turawan Faransa suka mayar da fadar mulkinsu Abijan a 1934, unguwannin Adjame da Treichville suka zama masaukin baƙi. Jirgin ƙasa ya sauko da Mosawa da Julawa daga arewa, buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 kuma ya ƙara jawo 'yan ci-rani, ciki har da Hausawan Nijar da Nijeriya masu fatauci. Nan da nan aji guda ya tara yara masu harsuna barkatai, malamai suka rasa da wanne za su fara.

Makarantar boko ta zaɓi Faransanci zalla, kuma ba ta sauya ba bayan samun 'yancin kai a 1960. Ko da aka shigo da koyarwa ta talabijin a 1971, darasi ɗaya ake watsa wa kowa, ɗan birni da ɗan ƙauye, har aka jingine shirin a farkon shekarun 1980. Dokar gyaran ilimi ta 1977 ta buɗe ƙofar koyarwa da harsunan ƙasa, ta ɗora wa cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Abijan aikin share fage. Sai wajajen 2001 aka gwada abin da harsuna goma, irin su Baule da Bete, amma a makarantun karkara, inda gari ke da harshe guda. Babu Hausa a cikinsu, domin ana ɗaukarta harshen baƙi.

Makarantun allo da na Islamiyya sun bi wata hanyar. Nassi da Larabci yake, amma malam yakan warware ma'ana da harshen da almajiri ke ji, Julanci ko Hausa. Wannan ya sauƙaƙa fahimta, sai dai bai ba yaro takardar shaidar da gwamnati ta yarda da ita ba. Shi ya sa daga 2011 aka fara shigar da makarantun Islamiyya cikin tsarin ƙasa, suna haɗa Faransanci da lissafi da karatun addini.

Ɗan Bahaushe a Adjame yakan ji Hausa a gida, Julanci a kasuwa, Larabci a gaban malam, Faransanci a aji. Manhajar da ta ƙidaya na ƙarshen kaɗai ta zubar da uku daga cikin jarin da yaron ya zo da shi.