Koyon Su a Ƙasar Dutse da Bakin Kogin Haɗeja: Daga Gado Zuwa Makaranta

Wanda ya tsaya bisa duwatsun Dutse Gadawur ya duba gabas da yamma, abin da zai fara gani shi ne dabino da gonaki, ba zai zaci akwai maganar su a wannan ƙasa ba. Teku kuwa sai labari, gama daga Dutse zuwa Ikko ya fi mil 500. Amma in ya yi tafiya kaɗan arewa sai ya iske Kogin Haɗeja, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa, ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratsa fadamun Jahun da Miga da Auyo, ya wuce Haɗeja ya faɗa dausayin da ke tsakaninta da Nguru. A bakin wannan kogi, da tafkunan da ya kan bari a baya in ya janye, nan ne mutanen tsakiyar Jihar Jigawa su ka koyi kamun kifi tun kaka da kakanni.

Ya kamata a fara da kalmomin, domin su ne shaidun da su ka fi daɗewa. Sana'ar sunanta su, mai yinta masunci, jam'i masunta. Akwai kuma Sarkawa, watau waɗanda ba su da wata sana'a sai ruwa. Asalinsu ƙasar Kabi da Yawuri ne, masana harshe kuwa sun danganta sunan da Sorko, masuntan Songhai na Kogin Kwara. Masuntan ƙasar Dutse da Ringim galibinsu ba irin waɗannan ba ne, manoma ne da damina, masunta da rani. Saboda haka koyon su a nan ya bi yanayin shekara, yaro ya koyi fartanya da koma a gida ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Hausa kuma ta bambanta ɗan gado da ɗan haye, watau wanda ya tarar da sana'a a gidansu da wanda ya faɗa mata da rana tsaka. Tarihin koyon su a wannan ƙasa kusan dukansa labarin yadda haye ya rinjayi gado ne.

A zamanin da, ba a ce wa yaro yau za a fara koya masa. Tun bai isa kaciya ba ya kan bi ubansa bakin ruwa, ya tsare kaya, ya riƙe gorar zuba kifi. Iyo a wasa ya ke samunsa. Daga nan sai fatsa, sa'an nan a bar shi ya shiga ruwa marar zurfi da 'yar koma. Abin da ya fi cin lokaci shi ne aikin tudu: murza zare, da saƙar koma, da ɗinke inda ta yage, da saƙa gura, da wasa ƙugiya. Yaro ya kan shekara yana wannan kafin a yarda ya hau gora. Hawan gora kuwa gwaninta ce ta musamman, mutum ya kwanta rub da ciki bisa babbar gora, ya tura ta da ƙafafu, hannuwansa na aiki da koma, abin da ya kama ya jefa cikin gorar da ya ke kai. Jefa birgi har ya buɗe sosai bisa ruwa, da shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba tare da ya sarƙe ko ya kama mai shi ba, waɗannan sai saurayi.

Duk wannan aikin hannu ne, mai ido ya iya ɗauka. Ilmin da ya fi wuya shi ne na halin kifi. Ɗan gado ya san tarwaɗa da kurungu a ƙasa su ke kiwo, kawara a sama. Ya san ƙarfasa ta kan share gurbi a yashi. Ya san yadda a ke kama kurungu ƙayarsa ba ta soki hannu ba, ya kuma san minjirya tun kafin ta girgiza shi. Ya san gaiwa ta kan shige laka in tafki ya ƙafe, ta yi kwancinta har ruwa ya dawo, ya kuma san alamar da ta ke bari a busasshiyar ƙasa, ya haƙo ta da rani tsaka. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana sunayen kifaye da kayan su da dama, amma suna kaɗai ƙamus ke iya riƙewa.

Bisan masunta duka akwai Sarkin Ruwa. Shi ke faɗin ranar da za a faɗa tafki, da tafkin da za a bari ya huta. Wurinsa a ke kai wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya, shi a ke kira in ruwa ya ci mutum. Asirin ruwa, na kada da na iskoki, uba ba ya ba da shi sai ga ɗan da ya yarda da hankalinsa, sau da yawa ma sai tsufa ya zo. Ko me mutum ya ɗauki wannan asiri, ya yi wani aiki a fili: ya sa ɗan haye tsoron shiga ruwa ba da izini ba, ta haka yawan masu su bai fi ƙarfin tafki ba.

Abin da ya fara sassauta wannan tsari ciniki ne. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta bi ta Ringim da Malam Maduri ta isa Nguru a 1930, banda ta sami hanyar zuwa kasuwanni masu nisa, kifi ya zama kuɗi. Sa'an nan a wajen 1960 zaren nailan ya yaɗu. Wannan ƙaramin abu ya yi wa gado illar da ba a lura da ita ba a lokacin, gama shekarun da yaro ya kan yi yana koyon murza zare da saƙa sun zama ba dole ba, kowa ya sami kuɗi sai ya sayi kalli saƙaƙƙe a kasuwa.

A waɗannan shekaru Tafkin Cadi na cike, faɗinsa a 1963 wajen murabba'in kilomita 25,000, Hausawa kuwa su ka yi ta kwarara Baga cin rani. Can ne wani sabon irin koyo ya kafu. Saurayi ya kan shiga hannun maigida mai jirgi da taru da inji, wanda ba ubansa ba ne, ya ci ya sha a gidansa, ya fara da kwarfe ruwa daga jirgi da tsaron wutar banda, a hankali a ba shi rabo daga abin da aka kama, har ya tara abin sayen nasa kaya. Maigida ba ya ɓoye masa aiki, don amfaninsa ne yaron ya iya da wuri. Sai dai ruwan ba na kakan kowa ba ne cikinsu, ba kuwa wanda ya koya wa yaron barin tafki ya huta.

A gida kuma kogin kansa ya sake hali. Bayan farin 1973 aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, ambaliyar da ta kan cika fadamu kifi ya hayayyafa a ciki ta ragu, ruwan da a ke saki da rani kuma ya ba ciyawar kacalla dama ta toshe hanyoyin ruwa. Dumba ta shigo daga wajen Cadi, watau jera gurar Mali a gicciye hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ita kam ba ta bukatar shekara guda ta koyo, ba ta kuma barin babba ko ƙarami, shi ya sa ta jawo husuma tsakanin masu ita da masuntan da ke ƙasa da su.

Koyon su a makaranta daga bakin teku ya faro. A 1969 Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar kamun kifi a Ikko, don horad da samarin da za su yi aiki a manyan jiragen da ke jan taru a teku. Can ɗalibi ya kan koyi karatun taswira, da sarrafa inji, da dokokin hanyar jiragen ruwa, ya yi watanni cikin jirgi a ƙarƙashin kyaftin, kāna ya ci jarrabawa a ba shi takarda. Takardar nan ita ta tsaya a matsayin yardar Sarkin Ruwa. A ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe irinta ta ruwan daɗi a Baga da Sabuwar Busa, ta Baga kuwa rikicin Boko Haram ya tilasta mata ƙaura zuwa Maiduguri. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi, amma ƙarfin irin wannan karatu ya fi karkata ga kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti.

Abin lura ga malamin Hausa shi ne, duk wannan karatu da Turanci a ke yinsa, harshen bai sami rabonsa ba. Kalmomin su na kogi suna da yawa ƙwarai, na teku kuwa kusan babu, in ban da teku da bahar da igiyar ruwa. Ko jirgi ma, wanda asalinsa na masunci ne da mai fito, an ara wa na ƙasa da na sama, har ya zama sai an ce jirgin ruwa ko kwalekwale kafin a gane na asalin a ke nufi. Kifin teku dai ya iso kasuwar Shuwarin da ta Dutse cikin kwali, Bahaushe kuwa bai tsaya bambanta irinsa ba, ya haɗa shi duka ya kira shi kifin ƙanƙara.